Jifan Baba a Farantin Iya

A gidanmu na Saint-Denis, a gefen Paris, babu murhu, babu tsakar gida. Shofaj ne kawai, na'urar ɗumama ɗaki, a jikin bango, shi ma sai ya ga dama yake ɗumi. A gefensa Iya, kakata, take zama bayan Magariba, ta jawo farantin shayi ta ce, "Ga ta nan, ga ɗana ya shigo fili." Ni da ƙanwata mu matso.

Tatsuniyar Iya ɗaya ce tak, kuma Baba ne a cikinta. Daga Maraɗi ya zo karatu Villeurbanne, ya shiga ƙungiyar besbol ta ɗalibai, wasan ƙwallo da sanda, shi ne mai jifa. Ya rasu ina ƙarami, ko muryarsa ban riƙe ba. Iya ta kalli wasanninsa na shekarar ƙarshe, su take maimaita mana ɗaya bayan ɗaya.

Goro shi ne Baba. Cokali sanda, ƙwallon dabino ƙwallo. "Tun yana korar tsuntsu a gonar hatsi bai taɓa jifa ya kuskure ba," in ji ta. "Bature ya riƙe 'yar sanda siririya, yana kaɗa ta don kar a same ta. Ubanku ya auna, ya saki. Ƙwal!" Sai ƙwallon dabino ya daki cokali ya shige ƙarƙashin gado, mu bi shi da ihu. Kowane wasa sai Baba ya sami sandar nan, mutane su watse da gudu.

Da na girma aiki ya kai ni Lyon, dab da Villeurbanne, na nemo wani dattijo da suka yi wasa tare da Baba. Yana da wasan tebur na kati da ɗan ludo, wanda ake maimaita tsoffin wasanni da shi, har ya yi wa Baba katinsa. Na zauna ina washe baki. Ya jefa ɗan ludo, ya ce an buge ƙwallon Baba. Na tafa. Dattijon ya dube ni da tausayi, ya ce aikin mai jifa shi ne kada sanda ta taɓa ƙwallo. A shekarar nan kuwa ciwo ya riga ya cinye hannun Baba, kowa bugunsa yake yi.

Haba! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a sake, aka sake, aka lallasa Baba. Na yi ta komawa duk Asabar kamar mai bin asibiti, ko sau ɗaya bai ci ba. Abu ɗaya na sani game da ubana, ashe shi ma a baibai na san shi. Ga ɗana ya fara tambayata wane ne kakansa, ni kuwa ban san me zan ce masa ba.

Na hau jirgin ƙasa sai Paris, wajen Iya. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Iya, duk ƙwal ɗin nan da kike yi mana, kashi Baba yake sha!"

"To sannu, malamin besbol," ta ce, tana ɓare goro. "Tun a filin aka faɗa mini. Ranar farko da aka buga ƙwallonsa ta tsallake shinge, na miƙe na rangaɗa guɗa ni kaɗai. Ubanka ya juyo, ya gane abin da na zata, ya yi dariya har da durƙusawa. Wata da watanni ciwo ya hana shi dariya. Daga ranar, duk bugun da aka yi masa sai ya dubo ni, ni kuwa in yi guɗa. Kai riƙe dokarka."

Iya ta rasu bara. Har yau haushin bai sake ni ba, don na so a ce ubana gwani ne, kuma ɗan ludo ya ƙi ba ni. Sai dai na gane Iya ba cin wasa take ba mu ba, dariyar ɗanta take tsare mana.

Jiya ɗana ya ɗauko cokali ya ce in zama kakansa. Ya san dokar, an koya musu a lakwal, wato makaranta. Na saki ƙwallon dabino, ya buge shi har bayan firji, ya tsaya yana duban fuskata ko zan ji haushi. Na buɗe baki zan yi masa guɗar Iya. Muryar ƙato ba ta guɗa, kuka ne ya fito.