Gonar Yaya Iliya Ita Ce Ta Ƙarshe

Shekara goma ke nan cif da muka binne yayana, Mai Bishara Iliya, a bayan cocin ƙauyenmu da ke gabas da Malumfashi. Da farkon damina ya rasu, lokacin noman firi, wato noman farko, masara ta fara rufe idon sawu. Na so in rubuta irin abin da aka saba rubutawa a rana irin wannan, in ce mutumin kirki ne, mai haƙuri ne, Allah ya sa ya huta. Duk gaskiya ne. Amma raina a ɓace yake, kuma ban iya ɓoye fushi ba tun ina yaro. Wanda ya zo neman yabo zalla ya yi haƙuri da ni.

Sai na fara bayyana wata al'ada tamu, don mai karatu na birni ya gane inda na dosa. A ƙauyukanmu mai bishara ba shi da wani albashin kirki. Ikilisiya ce ke ciyar da shi da fartanya. In ruwa ya zauna, shuka ta fito, sai a yi gayya, maza da mata su taru su nome masa gonarsa. Ko'ina ka je a yankinmu gonar mai bishara ake fara taɓawa, sannan in da sauran ƙarfi a leƙa ta tsofaffi.

Daminar farko da aka ba Yaya Iliya cocinmu, jama'a suka yi sammako suka cika bakin gonarsa, mata sun dama kunu, samari har sun sunkuya. Ya zo ya tsaya musu a gaba ya ce kowa ya ɗaga.

"Ni ina da hannu biyu da ƙafa biyu," in ji shi. "Wadda ta binne mijinta bara fa, wa zai nome mata? Ku biyo ni."

Daga ranar ya juya tsarin. Gonakin gwauraye, matan da mazansu suka mutu, su ake fara nomewa. Daga su sai na marasa lafiya da tsofaffin da ba su da mai taimako. Tasa ce ta ƙarshe, in an kai. Dattawa suka yi gunaguni, suka ce wannan zubar da darajar aikin Allah ne. Ya ce musu aikin Allah ɗin ne yake nuna musu inda yake. Haka aka yi shekara da shekaru, har yaran da aka haifa a lokacin suka tashi suna zaton haka ake yi a duk duniya.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Kafin gayya ta iso gonarsa, ciyawar harƙiya ta gama shan takin da ya zuba. Masararsa kullum ita ce 'yar ƙarama a layin. Matarsa Asabe ta sha yi masa mita, ni ma na sha yi masa tsiya in na zo hutu daga Funtua inda nake koyarwa. Na taɓa ce masa da wannan wa'azin nasa na fartanya sai ya kashe iyalinsa da yunwa. Ya yi dariya ya ce in fara koyon riƙe fartanyar tukuna, sai mu yi muhawara. Amma rumbunsa bai taɓa ƙarewa kafin kaka ba, domin shi da Asabe sukan rage abin da za su iya da hannunsu kafin a iso, kuma a zamaninsa gayya ba ta taɓa watsewa ba a kai ƙarshen layi ba.

Bangon cocin kuwa ya yi damina uku da tsaga, ana tokare shi da azara. Duk lokacin da aka kawo maganar gini sai ya ce bango zai jira rani, ciyawa ce ba ta jira. Bai hana gini ba, shi ne ma ya fi kowa kwaɓa ƙasa in rani ya yi. Abin da ya hana shi ne a sa abin da zai iya jira a gaban abin da ba zai iya ba. Yakan ce Ubangiji Yesu ba zai tambaye mu kalar fentin cocinmu ba, amma zai tambaye mu wa muka bari da yunwa muna waƙa.

To, ga yau. Cocin nan ya zama na bulo, ga tayil, ga fanka, ga sola, ga lasifika da ake ji har bakin rafi. Ban ƙi ko ɗaya ba, ni ma na ba da nawa. Wata biyu da suka wuce kwamiti ya aiko mini da takarda cewa za a yi babban taron tunawa da Yaya Iliya ranar Asabar ɗin nan mai zuwa. An gina ɗakin taro za a sa masa sunansa. An buga anko da hotonsa, fuskarsa a zagaye da furanni. Mutumin da riga biyu gare shi na zuwa sujada, yau fuskarsa ce a bayan kowace mace a garin. Ni aka zaɓa in yi jawabi a madadin dangi, na kuwa ji daɗi, har na zauna na rubuta shafi huɗu.

Ranar Talata na hau mota zuwa Malumfashi, daga nan na hau babur zuwa gida don in ga shiri. Hanyar ta bi ta gefen gonar Yaya. Na ce wa mai babur ya tsaya, domin ban gane gonar ba. Gonakin dama da hagu fes, an nome wasu, an yi wa wasu feshi. Tamu kuwa sai ka ce makiyaya. Masarar ta yi rawaya, ta zama siririya, ciyawa ta fi ta tsawo. Can tsakiya na hango mutum a ƙasa. Asabe ce, mace mai shekara sittin da ɗoriya, mai ciwon gwiwa, tana noma a zaune tana jan jiki.

Da ta gan ni sai ta hau wasan da muka saba na matar wa da ƙanin miji. Wai Malamin birni ya zo duba talakawa, in yi hankali kada raɓa ta ɓata mini takalmi. Na tambaye ta ina gayya. Ta ce ana nan zuwa, ba a kai kanta ba tukuna. Na ce bara fa? Ta ce bara ma an kusa. Da na matsa sai ta faɗa mini cewa damina huɗu ke nan gayya ba ta taka gonar ba. 'Ya'yansu mata biyu ne, suna gidajen aurensu a nesa, ta kuma hana a gaya musu. Akwai wasu 'yan kunyoyi da na gani a nome a bakin hanya, ashe maƙwabcin gonarta ne Malam Haruna, Musulmi, ya rage mata bayan ya gama tasa. Shi ne kuma ya same ni a wurin ya ce mini, ba tare da kwana-kwana ba, in aka ƙara mako guda ba a cire ciyawar nan ba, bana Asabe ba za ta ga buhu ko ɗaya ba.

Daga gonar ban ko ajiye jaka ba na wuce coci. Na tarar da samari sun fi ashirin, wasu na fenti, wasu na kafa rumfa, mawaƙan coci na gwajin waƙa. Na ja Dattijo Bitrus gefe, shi ne shugaban kwamiti, kuma tare suka yi yarinta da Yaya. Na tambaye shi ko ya ga gonar Asabe. Amsar da ya ba ni ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, da alfahari ya faɗa.

"Ai mu ba mu saki dokar marigayi ba, Malam. Gonar Mai Bishara ita ce ta ƙarshe. Haka ya bar mana, haka muke riƙe da ita."

Na tsaya ina kallonsa. Na ce, "Yaya Bitrus, wane Mai Bisharar? Yana ƙarƙashin ƙasa shekara goma. Gonar gwauruwa ce."

Tsakani da Allah, na ga alamar ranar ce karon farko da abin ya faɗo masa a rai. Shekara goma suna rubuta gonar a ƙasan takardar jerin gayya, suna ganin biyayya suke yi wa mamaci, ba wanda ya ɗaga kai ya ga cewa matar da aka bari a kanta ita ce irin wadda ya ce a fara da ita. Sun riƙe jerin sunaye, sun manta dalilin da ya sa aka yi jerin. Gayyar da a da ake yi har sai an gama, yanzu ta koma ranar Asabar kaɗai, domin samari na acaɓa sauran kwanaki. Asabar ukun da suka wuce kuma duk an cinye su a fenti da rumfa da gwajin waƙa, don girmama mutumin da masarar matarsa ke mutuwa a bayan gari.

Haba jama'a! Wannan wane irin tunawa ne? Da Yaya Iliya zai tashi ya ga ɗakin nan, na san ba zai yi faɗa ba, ni ne mai faɗa a gidanmu. Zai shafa bangon ya ce ya yi kyau, sannan ya tambaya gonar wa ta rage. In aka gaya masa tasa ce, zai yi shiru. Wannan shirun nake jin tsoro, domin na san shi.

Kuma kada in fitar da kaina. Ni ne ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Funtua ba Makka ba ce, tafiyar safe ce a dawo da yamma. Amma sai Kirsimeti nake zuwa, lokacin da gona ta bushe, kowa ya sa sabon kaya, babu abin da ido zai gani. In kawo shinkafa da atamfa, in ci tuwon Asabe, in yaba miya, in koma ina jin na sauke nauyi. Ban taɓa tambayarta daga wane rumbu hatsin ya fito ba. Na sami lokacin rubuta jawabi shafi huɗu a kan yadda yayana ya kula da gwauraye, ban sami lokacin zuwa da damina in duba gwauruwar gidanmu ba. Fushin da nake yi da kwamiti, rabi nawa ne.

Ba cocinmu kaɗai nake wa magana ba. Na zagaya ƙauyuka daga Danja har Matazu, na ga yadda muke tseren gini da taro da anko. Kowane mako akwai biki, kowane biki akwai kwamiti. Muna da lokacin komai ban da abin da aka fara aiko mu yi. 'Yan'uwana a cikin Almasihu, bangaskiyarmu ba ta da wuyar ganewa haka. Ka ƙaunaci Allah, ka duba na kusa da kai, ka fara da wanda ba shi da kowa. Sauran duk za su samu wurinsu in an sa wannan a gaba. Kowa ya zauna yau ya duba abin da ya ajiye a ƙasan takardarsa, ya tambayi kansa ko wurinsa ke nan, ko kuwa sabo ne kawai ya bar shi can. Ba a makara ba, in dai an tashi yanzu.

Na gaya wa Dattijo Bitrus ba zan yi jawabi ba. Na ce Asabar ɗin taron ita ce Asabar ta ƙarshe da masarar nan za ta iya jira, saboda haka duk mai son tunawa da Iliya ya zo da fartanya da sassafe, ɗakin taro ba zai gudu ba. Ya ce an riga an gayyaci baƙi daga nesa. Na ce baƙin ma ai suna da hannu. Har na baro shi bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na koma gida ina huci, na zayyana wa Asabe yadda muka yi, ina jiran ta ce na kyauta. Tana zaune tana shafa man zafi a gwiwa, ba ta ɗago ba. Sai ta tambaye ni ko na san Talatu matar Ayuba, wadda mijinta ya rasu da rani ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Na ce ban san ta ba. Ta ce gonarta na can bayan rafi, ita ma ba a kai kanta ba.

"In sun zo ɗin," in ji ta, "ka ce su fara da ta Talatu. Ni baki ɗaya nake ciyarwa."

Na zo ina neman abin da ya rage na yayana a garin nan, na duba ɗakin da aka sa wa sunansa ban gan shi ba, na duba atamfa ban gan shi ba. Ashe yana wurin matar da ta fi kowa yi masa mita a kan wannan tsari, wadda kuma tsarin ya cuta fiye da kowa. Ita kaɗai ta riƙe dalilin.

Saboda haka ga saƙona ga mutanen garinmu. Ranar Asabar ku wuce bayan rafi, gonar Talatu, kamar yadda Asabe ta ce. Tata kuma ku bar mini. Na ari fartanya wurin Malam Haruna, na fara tun ranar Laraba, hannuna duk ya yi kanta, kuma ban kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shekarata sittin da biyu, ban sani ba ko zan gama kafin ciyawar ta gama da masarar. In kun idar da ta Talatu da sauran rana, kun san inda za ku same ni.