Malam Mahadi Jatau Rawayya, Mai Allo Ɗaya Mutum Biyu

Haihuwa da asali

An haifi Malam Mahadi Jatau a garin Rawayya ta ƙasar Bungudu cikin daminar shekarar 1942, wadda ta yi daidai da 1361 bayan Hijira. Mahaifinsa Jatau manomi ne mai gonakin gero da dawa da 'yan tumaki, mahaifiyarsa Indo kuwa 'yar Karakkai ce mai sana'ar man gyaɗa. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma tun yana ƙarami aka shaide shi da kaifin basira, da kuma wata ɗabi'a da bai rabu da ita ba har ya koma ga Mahaliccinsa, wato ba ya iya jin an yabi wani a gabansa ba tare da ya yi gyaran murya ba.

Karatu

Ya fara karatun Alƙur'ani wajen limamin garinsu yana ɗan shekara biyar, ya kuma shiga elementare ta Bungudu a 1951, inda ya shekara huɗu ba a taɓa ture shi daga na ɗaya ba. Rasuwar mahaifinsa a 1956 ita ce ta yanke masa karatun boko, domin dole ya koma gona ya riƙe ƙannensa, alhali abokan karatunsa da ba su kai shi ƙoƙari ba sun wuce midil. A 1963 En'e ta ɗauke shi kwas na wata uku a Gusau, ya fito malamin yaƙi da jahilci, kuma 'yar takardar wannan kwas ita kaɗai ce shaidar ilmin da ya mallaka a duniya.

Aure

A 1965 ya auri Hussaina, 'yar wani dillalin shanu a Bungudu, bai kuwa ƙara aure ba. Mace ce mai haƙuri da kawaici, kuma ita kaɗai ke iya gaya masa aibinsa a gaban idonsa ya yi shiru.

Aiki a Karakkai

Bayan shekara goma yana koyar da manya a Rawayya da ƙauyukanta, an mayar da shi Karakkai a 1974, lokacin da fari ya tsananta, makiyaya suka gangaro da dabbobinsu, rigima kan ɓarnar gona ta zama ruwan dare. Mutum talatin suka rubuta suna a ajinsa, manoma da Fulani, amma allunan boko goma sha biyar kawai aka aiko daga Gusau. Sai Malam Mahadi ya haɗa su biyu-biyu, manomi da makiyayi, ya ba kowane biyu allo ɗaya da alli ɗaya, da sharaɗin allon zai kwana yau a gidan wannan, gobe a rugar wancan. Mai allo zai rubuta abin da ya koya a sama, ya kai wa abokinsa da ƙafarsa, shi kuma ya rubuta nasa a ƙasa.

Larura ce ta kawo dabarar, amma kafin shekara ta zagayo ya lura da abin da bai nufa ba. Wanda ya kai allo ruga sai an ba shi nono, wanda ya kai cikin gari sai an dama masa fura, kuma a bakin ƙofa ake jin wace gona ce ba a kwashe ba, wane burtali ne aka toshe. Idan saniya ta shiga gona, mai gonar yana da wanda zai je wa kafin ya ɗauki sanda. Ƙararrakin ɓarna suka ragu a gaban hakimi, kuma daga nan ko da alluna sun wadata Malam Mahadi bai sake ba mutum ɗaya allo shi kaɗai ba. Babu wanda ya rubuta wannan a rahoto, domin shi bai iya rubuta rahoton da ake karantawa a Sakkwato ba.

Tsafe da haɗuwarsa da Sama'ila

A 1981 aka yi masa canji zuwa Tsafe. A nan ne wani ɗan kamasho na tashar mota mai suna Sama'ila, mutumin 'Yankuzo, ɗan shekara ashirin da shida, ya shigo ajinsa bai san ko harafi ɗaya ba. Cikin wata biyar Sama'ila ya iya karanta wasiƙa, cikin shekara shida ya ci jarrabawar da ta kai shi kwalejin horon malamai, ya koyi Ingilishi, kuma lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 yana jami'in ilmin manya a Gusau. Malam Mahadi ya yi alfahari da shi har zuwa ranar da ya ga an kawo wa Sama'ila babur na ofis. Daga ranar ya fara cewa yaron yana da baki amma ba shi da zurfi, ko da yake yaron ya haura shekara arba'in, kuma bai taɓa gaishe da malaminsa da takalmi a ƙafa ba.

Tafiya Jamhuriyar Nijar

A ƙarshen 1996 wata ƙungiya mai zaman kanta, mai aikin sasanta manoma da makiyaya ta hanyar ilmin manya, ta kira taro a Gusau tana neman malamai masu Hausa da za su yi aiki a Nijar. Da Ingilishi aka yi taron, don haka Sama'ila ne ya tashi ya bayyana tsarin allo ɗaya mutum biyu, ya kuma nuna Malam Mahadi da hannu ya ce ga mai shi nan zaune. Aka tafa, Malam Mahadi bai san me aka faɗa ba sai da aka fassara masa. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce jagoran aiki sai mai babbar takarda wanda zai iya rubuta rahoto, saboda haka aka naɗa Sama'ila jagora. Shi kuma ya ce ba zai tafi ba sai da malaminsa, aka ɗauki Malam Mahadi a matsayin mataimaki.

Hussaina ta ba shi shawarar ya zauna gida, domin ta san zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan kalma ba. Shi kuwa ya ga idan bai je ba dabararsa za ta ƙetare iyaka ba tare da sunansa ba, kuma sunan nan shi ne abin da ya dame shi fiye da komai. A watan Janairu na 1997 suka bi ta Jibiya da Maraɗi, suka sauka a wani ƙauye mai suna Rijiyar Mairo a arewacin Dakoro, inda shekara biyu kafin nan aka yi faɗan da ya ci rayuka a kan rijiya da gonaki.

Aiki ya yi albarka. Mutum arba'in suka shiga aji, ana zama bayan la'asar a ƙarƙashin wani gawo, ana koyon karatu da lissafi, ana kuma tattauna yadda ake kai kuka da karɓar haƙuri ba tare da makami ba. Malam Mahadi ne ya zauna ya tsara wa zai haɗu da wa, kuma shi ne ya yi ƙarfin halin haɗa Ɗanjuma, manomin da aka kashe wa ƙane a wancan faɗa, da Sule, babban ɗan arɗon rugar. Sati uku allon nasu yana tafiya a hannun 'yan aike, a na huɗu Ɗanjuma ya kai shi da kansa.

Sai dai mutanen ƙasar suna kiran malamin boko Mushe, kuma Sama'ila suka ba sunan, tun da shi ke hawan babur, shi ke magana da baƙi. Tsarin suka raɗa masa allon Mushe. Malam Mahadi kuwa tsohon Mushe suke ce masa, wasu ma sun ɗauka kawunsa ne da ya taho da shi don ya riƙa samun na abinci. Duk inda aka faɗi haka Sama'ila sai ya gyara, yana ɗaukar masa buta, yana shimfiɗa masa tabarma, kuma kowace gyara da kowace buta ƙara wa Malam Mahadi ƙuna suke yi. Gaskiyar da ba ta da amfanin ɓoyewa ita ce ƙyashi ya ci shi ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi, har idan ɗalibi ya yi karatu mai kyau ya juya ya dubi Sama'ila, sai ya ji kamar an zare masa wani abu daga aljihu.

Al'amarin kakar 1998

A watan Satumba na 1998 aka kira Sama'ila Yamai na mako shida domin ya yi wa malaman wasu jihohi bayanin tsarin, aka bar ajin a hannun mataimakinsa. A mako na biyu Malam Mahadi ya shiga Dakoro ya sa kafinta ya yi masa alluna arba'in, ya rubuta sunan kowane ɗalibi a kan nasa, ya raba musu, yana cewa bai dace magidanci mai iyali ya riƙa yawo da allon aro ba. Mutane suka yi murna, suka ce ashe tsohon ya fi Mushe hannun kyauta, kuma kwana ashirin sunansa ne a bakin kowa. Ba za a ce kuskuren rashin sani ya yi ba, domin duk duniya babu wanda ya fi shi sanin amfanin ƙarancin allon. Ya so ne kawai a daina cewa allon Mushe, aka kuwa daina.

Da kowa ya samu nasa, zirga-zirga tsakanin gari da ruga ta tsaya, daidai lokacin da ake girbi. A tsakiyar Oktoba Sule ya saki shanu ta gabas da gari bisa zaton an gama kwashe amfani, alhali waken Ɗanjuma yana gona, abin da da zai ji a bakin ƙofa tun kwana uku kafin nan. Shanu suka cinye waken, dangin Ɗanjuma suka fito da sanduna, aka karya wa Sule hannu, aka ƙone rumbu biyu. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kafin mako ya cika rugar ta tashi gaba ɗaya, ajin ya koma rabi.

Da Sama'ila ya dawo ya ga allunan, bai ce wa malaminsa uffan ba. A rahotonsa ya rubuta cewa masu gudanar da aji sun yi kuskuren sauya tsari, kuma alhakin yana wuyansa a matsayinsa na jagora. Ya shafe wata biyu yana bin rugar a kan babur har ya shawo kan arɗo suka dawo. Malam Mahadi ya so a ce an yi masa faɗa, ko a kore shi, domin da ya samu abin riƙewa. Rufin asirin nan ya fi ƙarfinsa, ya ajiye aiki a watan Disamba bisa uzurin ciwon ƙafa, ya koma Rawayya ba tare da sallama ba.

Shekararsa ta ƙarshe

Ya zauna gida yana duba gonarsa, ba ya zuwa Gusau, kuma wasiƙu uku da Sama'ila ya aiko ya ba Hussaina ta ajiye ba a buɗe ba. Ita ce kaɗai ya gaya wa abin da ya faru, ita kuma ta ce masa mutumin da ya sasanta ɗaruruwan mutane bai kamata ya kasa sasanta kansa da ɗalibi ɗaya ba. A watan Oktoba na 1999 ciwon hawan jini ya kwantar da shi a asibiti a Gusau, labari ya kai Rijiyar Mairo, Sama'ila ya taho. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, ya durƙusa gefen gado, ya shaida masa aji ya koma mutum sittin, kuma Ɗanjuma da Sule suna gaishe shi.

"Malam, duk inda munka tafi ina faɗa musu aikin ga naka ne," in ji Sama'ila. "Ban taɓa cewa nawa ne ba."

Malam Mahadi ya amsa yana kallon bango. "Na sani. Da ka sace shi, da na samu sauƙi. Ka yafe mini, Sama'ila, kuma in ta Allah ta kasance kai za ka yi mini wanka."

Rasuwa da jana'iza

Allah Ya yi masa rasuwa da hantsin ranar Alhamis, 18 ga Nuwamba, 1999, cikin watan Sha'aban na 1420, yana da shekara hamsin da bakwai, bayan ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da manya. Aka kai shi Rawayya, Sama'ila ya yi masa wanka kamar yadda ya yi wasiyya, limamin gari ya sallace shi bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar yamma kusa da mahaifinsa.

Ya rasu ya bar matarsa Hussaina da 'ya'ya biyar: Bashiru, direban babbar mota a Gusau, Halima, tana aure a Tsafe, Ashiru, manomi a Rawayya, Maimuna, tana aure a Bungudu, da Bara'atu, malamar ajin mata a garinsu. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya.

Washegari iyalinsa suka aika da sanarwar rasuwa gidan rediyo. Bashiru ne ya rubuta ta, kuma da yake yana so a san mahaifinsa ya yi aiki a ƙasar waje, sai ya zaɓi abin da ya ga ya fi girma a tarihinsa. Sama'ila yana zaune a zauren makoki aka karanta cewa Allah Ya yi wa Malam Mahadi Jatau Rawayya rasuwa, tsohon mataimakin Malam Sama'ila 'Yankuzo a Jamhuriyar Nijar. Ya buɗe baki zai gyara kamar yadda ya saba, amma mai sanarwa ya riga ya wuce zuwa ta gaba. Allah Ya gafarta wa Malam Mahadi, Ya sanyaya masa makwanci.