Ranar da Likitan Keke Ya Miƙa Wayarsa

Shekara talatin da 'yan kai Likita ya yi yana gyaran keken ɗinki a shago guda, a ƙasan wani bene, tsakanin mai sayar da zare da maɓallai da wani mai gyaran takalmi. Ba likitan mutane ba ne, ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa takawa ba. Teloli ne suka laƙaba masa sunan saboda yadda yake karɓar keke. Ba ya kwance noti ko ɗaya sai ya sa mai keken ya zauna ya taka, shi kuma ya rufe ido, ya karkata kai yana saurare. Can sai ya ce ƙoshiya ce ta gaji, ko haƙoran da ke jan yadi sun sauka, ko kuma keken lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ke rowar mai. Sau tara cikin goma yana faɗin daidai. Na goman kuwa ba a tunawa da shi, don Likita ba ya barin a tuna.

Shagon bai fi taku huɗu ba. Akwai benci mai ƙafa ɗaya ta aro, gwangwanaye cike da sukurori, da wata ƙusa a bango inda yake soke ƙyallayen da ya gwada ɗinki a kansu, har sun yi tudu. Duk wanda ya zauna minti goma a ciki sai ya tafi gida da warin man keke a rigarsa.

A gida ma Likita ne. 'Ya'yansa huɗu, uku sun girma sun kama gabansu, saura Auta, kuma duk cikinsu ba wanda ya taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa. In yaro ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinsa, sai ya yi gyaran murya ya ce a je a duba littafi, in an dawo zai ga ko ana koya musu daidai a makarantar. Mai ɗakinsa, wadda ta san shi ciki da bai, takan juya baya a irin wannan lokaci ta kama gyara abin da ba ya bukatar gyara, kafaɗunta na rawa don dariya.

To ana nan sai kekuna masu ƙwaƙwalwa suka shigo gari, masu ɗan allo a goshi. Irin waɗannan in sun lalace ba sa kuka yadda kunne zai gane, sai dai su nuna wata lamba su yi ƙememe. Na farko da aka kawo masa, kwana uku yana zagaya shi. A rana ta huɗu wani tsohon abokin sana'a ya karɓi wayarsa ya sa shi a wani zauren hira na waya na masu gyaran keke, mutum kusan ɗari biyu daga garuruwa daban-daban, yawancinsu bai taɓa ganin fuskarsu ba.

A zauren nan Likita ya zama wani mutum daban. Tun da safe yake fara tambaya. Ya ɗauki hoton lamba ya tura, ya naɗi ƙarar keke ya tura yana cewa 'yan'uwa a taya shi saurare, ya dawo ya ce bai gane ba a sake masa bayani a hankali. Rubutu da yatsa ɗaya yake yi, don haka ya fi son tura murya. Ba a yi wata biyu ba suka sa masa suna Ɗan Aji Ɗaya, shi kuma ya amsa da hannu bibbiyu. Wadda ta fi ba shi amsa wata yarinya ce da suke kira Injiniya, wadda a haihuwa ba ta kai 'yarsa ta fari ba. Kuma gaskiya ita ce bai taɓa jin daɗin sana'arsa kamar a waɗannan shekarun ba. Yakan zauna a benci yana dariya shi kaɗai har mai gyaran takalmi ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Wata rana wani a zauren ya jefo tambaya, wai shin akwai mai barin 'ya'yansa su karanta abin da ake yi a nan? Zaure ya ɗauki zafi. Wani ya ce ɗansa ne ma ke karanta masa, don idonsa ya tafi. Wani ya ce shi kam sai an fara wanke bakin mutum biyu da ya ambata da suna. Wata ta ce 'yarta ta karanta sau ɗaya, ta ce ita ba ta taɓa ganin manya masu musu a kan bel ɗin keke ba, ta ajiye. Likita ya danna ya tura murya, ya ce shi ko da wasa, waya tasa ce, zauren manya ne. Bai faɗi dalili ba, amma kowa ya gane, aka yi ta turo masa fuskokin dariya.

Haka dokar take a gida. Wayar Auta a buɗe take, duk ranar da ya ga dama ya karɓa ya duba da wa take hira. Tasa kuwa a kulle, a aljihun gaba, ko alwala zai yi sai ya kifa ta a inda idonsa ke kai. Auta takan tsokane shi ta ce adalci dai a bakin titi ya tsaya bai shigo gidansu ba. Yakan ce in ta kai shekarunsa ta yi tata dokar.

Auta ta shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma Likita ya ishi layin nan da labari. Duk telan da ya kawo keke sai ya ji cewa gidan Likita za a sami likita na gaske. Barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji shi.

Wata Juma'a da la'asar sai ga ta a shago da farar rigar makaranta, ba ta wuce gida ba. Ta zauna a bencin, ta ɗauki wani kwarkwaron zare tana juyawa. Da ya gama da keken da ke gabansa, ta ce ita ta gama da makarantar nan, ranar Litinin ba za ta koma ba.

Da ƙyar ya ciro labarin daga bakinta. Awon hawan jini ake koya musu. Ana ɗaura wa mutum wani abu a dantse a hura iska, a sa robar sauraro a kunne, a riƙa sassauta iskar har a ji bugu ya fara, a ji ya ɗauke. Sati biyu ana yi, ita ba ta taɓa jin komai ba sai shuu. Kowa na rubuta lamba, ita ma sai ta riƙa rubutawa. Yau malamarsu ta sa roba mai kunne huɗu, suka saurara tare, ta tambaye ta me ta ji. Auta ta faɗi lambar da ta zo mata a ka. Malamar ta dube ta a gaban aji ta ce lambar ƙarya a asibiti tana iya kashe mutum.

Ran Likita ya ɓaci, ya ce me ya hana ta tun ranar farko ta ɗaga hannu ta ce ba ta ji ba?

"Baba, ta yaya zan ce ban ji ba? Duk ajin sun san 'yar wa ce ni, ni na ba su labarinka. Kai da ido a rufe kake gane ciwon keke, ba ka taɓa tambayar kowa ba. Ni dai ban gado kunnenka ba, shi ke nan."

Wayar tana aljihunsa, a daidai lokacin ma ta yi ɗan motsi, ƙila Injiniya ce ta amsa tambayar da ya yi da rana. Ya ce ta tashi su je gida, za a yi maganar.

Washegari da safe bai iya shan shayinsa ba. Mai ɗakinsa ta ji komai daga bakin Auta, ta zo ta zauna kusa da shi, ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce shekara talatin tana taya shi rufa wannan asiri na nuna ya san komai don ba ya cutar kowa, yanzu kuwa ya fara cin 'yarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗauke kofin ta bar shi da wayarsa.

Ya buɗe zauren da niyyar ya ɗan share wasu abubuwa tukuna. Ya yi sama, ya yi sama, sai ya ga in ya goge tambayoyinsa ba abin da zai saura nasa sai gaisuwar safiya. Tsoro ya kama shi sosai, ba na wasa ba. Yarinyar nan tun tana rarrafe take kallonsa kamar ba abin da ya gagare shi, kuma yana son wannan kallon fiye da yadda zai iya faɗa. Ya kira Auta, ya buɗe kullen a gabanta, ya miƙa mata.

"Ungo. Ki fara daga sama. Duk inda kika ga Ɗan Aji Ɗaya, ni ne."

Ya so ya fice, amma ya fasa. Ya koma kujera ya ɗauki wata tsohuwar jarida ya kare fuska.

Ta fara dubawa. Sai ya ji muryarsa ta fito daga wayar, tana cewa 'yan'uwa don Allah wannan lamba ta bakwai me take nufi, ya kashe ya kunna har sau shida. Sai wata, yana roƙon a sake bayanin jiya don ya ɓace masa. Sai wata. Auta ta ɗago ta dubi jaridar, ta mayar da kai. Da ta iso kan labarin keken amarya ne abin ya ƙwace mata. Keken wata amarya ne da ya kwana biyu yana fama da shi, ya kwance shi kaf ya mayar, ya turo ƙararsa sau biyar, mutum arba'in suna ta ba da shawara. Daga ƙarshe Injiniya ta ce ya ɗauko mata hoton allurar. Ashe a juye ya sa ta, da hannunsa, tun ranar farko.

Auta ta yi dariya har ta zame daga kujera. Uwarta ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce a sake kunna wajen da yake cewa "Injiniya, ki rufa min asiri," aka sake, su biyu suka riƙe juna. Likita ya sauke jarida yana shirin haɗe rai, sai ya ji shi ma dariyar ta kama shi. Ya ce su ci gaba, ai akwai wanda ya fi wannan, su nemo na bel ɗin da ya saya sau biyu. Kunyar tana nan, amma ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Har azahar tana karantawa. Ta ga musun manya a kan bel, ta ga wani barkwancin da ya sa ya miƙa hannu ya ce ta tsallake nan. Ta ga ranar da ta sami makaranta, ya turo murya yana faɗa wa mutum ɗari biyu, muryar na rawa. A nan ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wayar a cinyarta ta tambaye shi ko bai taɓa jin kunya ba, yana babba yana tambayar yara.

Ya ce kullum yana ji. Yana ji, yana danna turawa.

Ranar Litinin ta zo. Ya dai ji ƙarar dutsen guga tun da sassafe, ya ga farar riga ta wuce ta ƙofa. Wunin ranar ya ɗaure noti guda sau uku.

Da la'asar ta faɗo shago da jaka a kafaɗa, akwai teloli biyu a zaune suna jira. Ta ce ta ɗaga hannu. Ta faɗa wa malama ba ta taɓa ji ba ko sau ɗaya, sai ga hannu uku sun biyo nata. Ashe da sauri suke sakin iskar. Malamar ta zaunar da su huɗun har aka tashi, kuma ta ba ta aron abin awon zuwa gobe.

Ta sa ya naɗe hannun riga a gaban telolin, ta ɗaura, ta hura, ta yi shiru tana kallon agogon abin. Likita ya ga lokacin da ta ji, don fuskarta ta buɗe gaba ɗaya. Ta faɗi lamba biyu, ta sake aunawa don ta tabbata, suka fito kusan daidai.

Ya dubi lambobin da ta rubuta a bayan wani ƙyalle, ya dubi telolin nan da suka shekara ashirin suna kiransa Likita.

"Ni ban san karatun wannan ba, Auta. Ta saman me take nufi?"

Ta jawo benci kusa, ta ce ya miƙo ɗayan hannun, za ta fara masa daga farko.