Kanwar da Inna ta samo a wurin ninkaya

Da safe na tarar da Inna, wadda ta zo duba ni a Fatakwal, durƙushe a bakin wurin ninkayar gidan da nake aiki. Tana kankare farin ɓawon jikin tayil da cokali.

Ni nake kula da wurin ninkayar, ruwansa na gishiri ne. In maganinsa bai daidaita ba sai ɓawon ya daskare, da asid nake cire shi.

Na ce, "Inna, wannan ba a ci."

Ta ce, "Ashe ba kanwa ba ce? Ɗanwake zan yi maka, na ga ka rame."

Na zubar da abin da ta kankare, na hau okada na sayo mata kanwar gaske.

Na manta rabon da wani ya lura na rame. Ku fa, wa ke lura da ku?