Ayu a Gaban Jirgi

A zamanin da na fara aikin injiniya a jiragen ruwan soja, saurare kawai muke yi. Jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku yana da gurnani, mai kunne zai ji shi daga nesa. Na yanzu kuwa sun koyi shiru, sai an aika ƙara mai tsanani cikin ruwa, a jira ta bugi ƙarfe ta dawo. Na'urar da ke aika wannan ƙara na yi wa hidima a tashoshin Turkawa da na Turawan Ingila, na ƙare a Yanbu, tashar Saudiyya a bakin Bahar Maliya. Ko'ina hali ɗaya ne, a kunna ta da ƙarfinta, ba a tambayar wa ke ƙasa.

Bayan na ajiye aiki na zauna a Aziziyya, nan Madina. A nan aka haifi autata. Ina yi mata Hausa, tana amsawa da Larabci. Dabbobin teku ta karanta, aka ɗauke ta mai lura a wani jirgin gwajin irin wannan na'ura a Yanbu, da sharaɗin in ta hango dabba kusa, ta sa a kashe na'ura. Shugaban gwajin tsohon abokin aikina ne, Bahaushen Sudan, wanda take kira Baffa.

Wata Juma'a ya zo gidana bayan masallaci, ko shayi bai kurɓa ba ya fara.

"Ya Injiniya, 'yarka ta tsayar mana da aiki wuni guda. Saboda ayu! Uwa da ɗa, suna kiwon ciyawar ruwa."

"Wa ya ba ta ikon?"

"Mu, a takarda. Amma ni tsoho ta ce wa, 'Baffa, kashe,' a gaban yarana."

Na san abin da ya kawo shi. A wurinmu abokin uba uba ne. In na ce ta ba shi haƙuri za ta bayar, daga ranar kuma ba mai sake jin maganarta a jirgin. Ita ma tana bayan labule da tiren dabino, tana jiran ta ji bakina.

Ni ɗan bakin kogi ne, daga Yawuri. Na ga ayu a kwance a kan yashi ana yanka kitsensa, ban taɓa ganin wanda ya tsaya masa ba. Na ce, "Ya Shaikh, ni da kai mun san abin da ƙarar nan ke yi wa kunne, shi ya sa muke fitar da masu nutso daga ruwa kafin mu kunna. Da murya uwar ke kiran ɗanta. Wa zai fitar da su?"

"To ka goyi bayanta ke nan?"

"Aikin da kuka ba ta ta yi. Da ta yi shiru, da ni zan je Yanbu in ba ka haƙuri."

Ya daɗe yana juya kofi. Sannan ya ɗaga murya wajen labule: "Fito, ya Daktora, dabinon ma sai kin ba da izini?"

Ta fito ta durƙusa, ta ce da Hausa, "Baffa, gobe ma in na gan su zan ce a kashe."

Ya yi dariya, ya ce ai ya sani, jinin taurin kai ne.

Tana jirgin har yau. Ba a kunna na'urar sai ta duba ruwa ta amince, kuma a hankali ake ɗaga ƙarar, don abin da ke ƙasa ya sami zarafin matsawa.