Asibitin Kawu Injiniya

Kawuna direba ne a ofishin tsara birni, amma a unguwarmu Injiniya ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Da yamma yakan dawo da motar ofis, naɗaɗɗun taswirori a kujerar baya, ya fito yana gyara zaman hula. Ba zan ce maƙaryaci ne ba, Allah ya sani. Mutum ne dai da bakinsa bai iya furta "ban sani ba".

A lokacin, unguwarmu ce ƙarshen gari. Ba famfo, ba kwalta, mai naƙuda sai an tura ta a baro zuwa bakin titi. Goggo, matar Kawu, a wannan hanyar ta rasa ɗanta na fari. Bayan gidajenmu kuwa akwai wani fili fetal. Wata rana Kawu ya baje taswira a kan tabarmar majalisa, ya danne gefunanta da takalma, ya ɗora yatsa kan wani wuri da aka shafa wa ja.

"Kun ga nan? Filin bayanmu ne. Duk inda kuka ga ja, na amfanin jama'a ne."

Tela, ɗaya daga cikin 'yan majalisar, ya ce, "Na jama'a kamar me, Injiniya?"

A mota Kawu ya sha jin manya suna cewa ja na makaranta ne da asibiti da makamantansu. Makaranta dai muna da ita.

"Asibiti," in ji shi.

Tun daga ranar filin ya zama amanarsa. Dillalai suka zo za su yanka, ya kore su. Mai bulo ya sauke yashi, ya sa shi ya kwashe da hannunsa. Har babana, da ya so ƙara ɗaki ta wajen, sai da suka daɗe ba sa ga maciji. Kawu ya kafa allo, ya dasa itatuwa don masu jinya su samu inuwa, Goggo tana ba su ruwan wanke-wanke. Gari ya taso ya wuce mu, aka zuba kwalta, yaran mota suka raɗa wa tashar wajen suna Asibiti.

Ranar da manyan ofis suka zo duba filin, Kawu ne ya tuƙo su. Ya so ya ce ba shi da lafiya, ba a saurare shi ba. A gaban unguwa kaf ya fito da sauri, ya zagaya, ya rusuna ya buɗe wa Darakta ƙofa. Mata suna ta guɗa, ba su ma lura ba tukuna.

Darakta ya ce birni ya cika, shara ta rasa wurin zuwa, kuma nan ne tun asali aka ware don tara sharar wannan yanki. "Kuma dole in yaba wa direbanmu," ya ce, yana dafa kafaɗar Kawu. "Ba don shi ba, da tuni an cinye filin nan."

Tela ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, asibitin fa?"

"Wane asibiti?"

Ina tsaye a wajen, kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai, ni da ba ni na faɗa ba. Babu wanda ya zagi Kawu, kuma wannan ya fi ciwo. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya koma mota ya mayar da manyansa ofis. Da ya dawo gida, Goggo ta ajiye masa abinci ta ce, "Malam, ai da ka tambaya." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Yanzu ya yi ritaya, ba motar ofis, bas yake hawa kamar kowa. Itatuwansa sun girma, a ƙarƙashinsu masu motar shara suke hutawa. Majalisa kuwa ya daina zuwa. Sunan tashar ne bai canza ba, kuma duk mai sauka a wurin sai ya ɗaga murya ya ce wa yaron mota, "Asibiti akwai!" Kawu, da ciwon gwiwarsa, a tashar da ke kafin ita yake sauka, ya ƙarasa gida da ƙafa.