Shaidar da Aminina Ya Ba 'Yan Sanda

Mahaifina maharbi ne, ni kuwa direban bas a unguwar Peckham ta birnin Landan, don haka ɗan abin da ya rage min na gado shi ne ƙungiyar masu harbin allo da nake zuwa ran Lahadi. Da bindigar aro nake harbi, har na ƙyalla ido a kan wata gajeriyar bindigar kafaɗa mai cin harsashin fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, irin wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi.

Kowa da abin da yake nema a jikinta, wani rashin nauyi, wani arhar harsashi. Ni da sitiyari ya gama cinye min kafaɗa, abin da ya ja ni shi ne in ta tashi ba ta naushin mai ita.

Sai dai lasisi ba ya samuwa sai mutum biyu sun shaide ka wurin 'yan sanda. Na samu wani Bature abokin aikina, sannan na je gidan aminina, likita, wanda muka taso layi ɗaya a Kano.

"Haba, wannan ai ba komai ba ne," in ji shi. "Sa sunana kawai."

Har shagon da ake sayar da bindigar ya raka ni, ya ɗaga ta, ya ce kamar don ni aka ƙera ta. Na koma gida na kafa akwatin ƙarfe na ajiye bindiga a bango yadda doka ta ce, ina ta rawar kai kamar ango.

Ɗan sanda ya zo ya duba akwatin, ya sha shayi, sannan cikin ladabi ya ce ɗaya daga cikin shaiduna ya gaya musu hankalinsa bai kwanta in riƙe bindiga ba. Aka hana ni lasisi. Ƙungiyar ma ta ce in dakata da zuwa.

Baturen na fara tuhuma, ya rantse ba shi ba ne. Ran Juma'a na tare likita a harabar masallacin Regent's Park, na tambaye shi ko shi ne.

"Nauyinka na ji, wallahi," ya ce, yana kallon takalminsa. "Ya zan ce maka a'a? Amma da irin sunayenmu a garin nan, in wani abu ya faru ni za a yi wa questioning, 'yan sanda su tsare ni da tambayoyi."

Raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Shekara da shekaru yana cin tuwo a gidana, ya san ko kaza sai an yanka min. Da a falonsa ya ce min a'a, da na nemi wani, da yanzu ina da bindigata, ina da aminina.